Mutum Dubu Goma, Jarumi Ɗaya: Bitar Sword Art Online

Ranar 6 ga Nuwamba 2022, a lissafin labarin, aka buɗe wani sabon wasan kwamfuta a Japan. Mutum 10,000 ne suka samu sayen kwafin farko. Kowa ya miƙe a gadonsa ya kifa wata hular kwano mai suna NerveGear, wadda ke tare saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa gaɓɓai ta karkatar da shi cikin na'ura, sai mutum ya tsinci kansa yana tafiya, yana gudu, yana sara da takobi a wata duniya, alhali gangar jikinsa na shimfiɗe ko yatsa ba ta ɗagawa. Kafin faɗuwar rana aka lura maɓallin fita ya ɓace. Akihiko Kayaba, wanda ya ƙera wasan, ya tara jama'a a dandalin gari ya shaida musu cewa da gangan ya yi. Duk wanda ya mutu a wasa, hular za ta ƙone masa ƙwaƙwalwa a zahiri. Wanda danginsa suka cire masa ita da ƙarfi shi ma haka, kuma mutum 213 sun riga sun tafi ta wannan hanya. Mafita guda ce: a cinye hawa ɗari na wani ƙaton ginin ƙarfe da ke shawagi a sararin sama, mai suna Aincrad.

Da wannan Sword Art Online ya fara, kuma a ganina ba kasafai ake samun labari mai ƙofar shiga irin wannan ba. Wanda bai kalla ba ya sani zan tona yadda wasu abubuwa suka ƙare, domin ba a bitar gaskiya da rufa-rufa.

Reki Kawahara ne ya rubuta labarin. Ya tsara shi don shiga gasar rubutu ta Dengeki a 2002, amma ya zarce adadin shafukan da aka ƙayyade, sai ya zuba shi a intanet da sunan aro. Bayan da wani labarinsa, Accel World, ya ci babbar kyautar gasar a 2008 ne aka fara buga wannan a littafi cikin 2009. Kamfanin A-1 Pictures ya mai da shi anime, wato katun irin na Japan, a 2012, kashi 25 ƙarƙashin darakta Tomohiko Ito. Zango na biyu ya biyo baya a 2014, fim ɗin Ordinal Scale a 2017, sai dogon labarin Alicization daga 2018 zuwa 2020. Yana da kyau a riƙe wannan tarihi, saboda yawancin raunin da za a gani rauni ne na sabon marubuci mai rubuta wa kansa da 'yan tsirarun masu bibiyarsa, kafin duniya ta waiwayo shi.

A nan Binduri da Bawku, haka nan a Yendi da Salaga, a waya samari ke kallonsa. Ɗaya ne ke sadaukar da datarsa ya sauke, saura su kwashe ta Xender ko katin memori, a zauna mutum uku huɗu kan ƙaramin allo ana bin fassarar Turanci da ke gudu a ƙasa. Na lura abin da ke riƙe su ya wuce faɗan takobi. Tun ƙarshen 2021 garin Bawku ke cikin dokar hana fita, a sassauta yau a tsananta gobe, har an taɓa hana hawa babur, kuma duk wanda ke noman albasa a bakin Farin Volta ko yake kai kaya kasuwar Bazua ya san yadda rufewar hanya ke shiga cikin tukunyar gida. Allah ya kiyaye in haɗa jinin mutanenmu da wasan katun. Abin da nake nufi kawai, yaron da ya saba ganin gari ya yi tsit tun kafin isha'i ba ya buƙatar a yi masa bayanin tambayar da ke ƙarƙashin wannan labari: idan aka rufe ka a wuri, ba ka san ranar buɗewa ba, za ka zauna jiran rayuwa ne ko za ka yi ta a nan inda kake?

Duk inda Sword Art Online ya tsaya kan wannan tambaya, yana da kyau ƙwarai. Duk inda ya bar ta ya koma yi wa jaruminsa kirari, sai ya zama fanko.

Dubi kashi na farko. Bayan Kayaba ya gama jawabi, ya bar wa kowa kyautar madubi a jakarsa. Suna dubawa sai surar da kowa ya zana wa kansa ta narke, fuskarsa ta gaskiya ta bayyana. Kyawawan samari suka koma ƙattin maza masu tumbi, 'yan matan da ake ta yi wa rawar kai aka ga ashe maza ne. Ana dariya a wurin, amma dariyar ba ta daɗewa, domin ma'anarta ita ce daga yau ba sauran ɓuya. Nan take kuma aka nuna mana halin jarumin, Kirito, yaro ɗan shekara 14 wanda ya riga ya san wasan tun lokacin gwaji. Ya ja sabon abokinsa Klein gefe ya ce su gudu gari na gaba kafin a cinye farautar da ke kusa. Klein ya ce ba zai bar abokan da ya shigo da su ba. Kirito ya juya ya tafi shi kaɗai. Babu wanda ya zage shi, Klein ma da fara'a ya sallame shi, kuma wannan fara'ar ce ta fi zagi zafi.

Kashi na uku shi ne wanda ba na mantawa. Kirito ya shiga wata ƙaramar ƙungiya ta ɗalibai 'yan makaranta ɗaya, ya ɓoye musu cewa ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba, don yana jin daɗin zama cikin mutane kuma yana tsoron su guje shi. Cikinsu akwai Sachi, yarinyar da ba ta da burin zama jaruma, tsoron mutuwa ya hana ta barci. Ya yi mata alkawarin ba za ta mutu ba. Da yake nasara na zuwa musu cikin sauƙi, ba su san shi ne ke ɗauke da su ba, sai suka yi wa kansu kallon gwanaye, suka shiga ɗakin da bai kamata su shiga ba a hawa na 27, suka buɗe akwatin tarko. Kowa ya mutu sai shi. Shugabansu, wanda ya tafi sayo musu gida da kuɗin da suka tara, da ya ji labari ya faɗa daga gefen ginin. Abin da ya sa wannan kashi ya yi nauyi shi ne ƙarfin Kirito ne ya kashe su, ƙarfi haɗe da ƙarya ƙarama wadda kowannenmu zai iya yi. Ya shafe watanni yana neman wani abin tayar da matacce, ya same shi, sai ya tarar ba ya aiki sai cikin daƙiƙa goma da mutuwa. Da labarin ya ci gaba da biyan irin wannan farashi, da yau ba a gardama a kan matsayinsa.

Akwai kuma ƙananan wurare da ke da daɗi ta wata fuskar. Asuna, mataimakiyar shugaban rundunar da ta fi kowace ƙarfi, ta tarar da Kirito yana barci a kan ciyawa ranar da ake fagen daga, ta yi masa faɗa, ya ce mata yau ce ranar da iska ta fi daɗi a shekara, ta kwanta don ta gwada, barci ya kwashe ta har yamma. Ita ce kuma ta ɓata lokaci tana harhaɗa ganyaye da 'ya'yan itatuwan wasan har ta fitar da ɗanɗanon miyar gida. Akwai tsoho Nishida, ma'aikacin kamfanin sadarwa da tsautsayi ya rufe da shi, wanda ya ga ba zai iya yaƙi ba ya zama masunci a tafkin hawa na 22, yana jin kunyar cewa wasu na mutuwa dominsa yana riƙe da ƙugiya. Akwai Agil, baƙar fata ɗan asalin Amurka, mai shago a hawa na 50, wanda kowa ke ɗauka ɗan cin riba ne, sai can ƙarshe aka gane yawancin ribarsa a kan taimakon masu ƙaramin ƙarfi take ƙarewa. Akwai Grimlock, wanda ya sa aka kashe matarsa ta aure saboda a cikin wasan ta zama shugaba mai ƙarfin zuciya, ba ta zama mai sunkuyar da kai da ya sani a gida ba. Wannan na ƙarshe kashi biyu kawai aka ba shi, amma ya faɗi gaskiya game da wasu mazaje fiye da fina-finai masu yawa da na gani.

A gefen sana'a ba ni da ƙorafi sosai. Kiɗan Yuki Kajiura, da muryoyin mata masu tashi a bayan goge, shi ke ba faɗace-faɗacen girman da wani lokaci rubutun bai ba su ba. Masu zanen sun san darajar haske: faɗuwar rana a gefen Aincrad, hasken fitilu a titunan dutse, da yadda mamaci ke tarwatsewa ya zama ɓarɓashin gilashi mai shuɗi, babu gawa balle jana'iza. Ko a allon waya mai tsagewa kyawun yana fitowa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Shekara biyu aka yi a Aincrad, kuma kashi 14 kacal aka ba su. Mutum 2,000 sun mutu a watan farko, a baki aka faɗa mana. Daga hawa na ɗaya sai a yi tsalle zuwa na ashirin da wani abu, daga nan sai na hamsin. Asalin matsalar daga littafi take: Kawahara ya rubuta farko da ƙarshe ne, daga baya ya riƙa cike tsakiya da gajerun labarai, masu fim kuma suka jera su bisa kwanan wata. Shi ya sa ake ganin Kirito ya fito daga baƙin cikin Sachi, a kashi na gaba yana raka wata yarinya neman furen da zai tayar da dabbarta kamar ba abin da ya faru. Marubucin da kansa ya gane giɓin, domin ya koma ya fara Progressive, inda yake bin ginin hawa-hawa, har aka yi fina-finai biyu daga ciki a 2021 da 2022.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jama'ar da aka watsar. An tara baƙi dubu goma, ba dangin iya ba na baba, an ce su zauna. Wa zai raba gardama? Wa zai karɓi amana? Wa zai riƙe marayu? Mu da muka gaji tarihin Salaga mun san wannan tambaya ba ƙarama ba ce. A ƙarni na 19 fatake daga Kano da Katsina da Borno na sauka can neman goro, kuma abin da ya riƙe kasuwar shi ne tsari: madugu mai jan ayari, maigida mai saukar baƙo ya tsaya masa, dillali mai haɗa ciniki, malami mai rubuta bashi da raba gado. Da yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin, wannan tsari mutane suka ɗauka suka kafa a Kete-Krachi da Yeji da sauran wurare. Sword Art Online ya leƙa irin wannan ƙofa, ya nuna rundunar da ta fara da ciyar da mabukata ta ƙare da karɓar haraji da ƙarfi, ya nuna wata mata da ta tara yara a coci tana kula da su, ya nuna ƙungiyar makasa ta Laughing Coffin, sannan ya ja ƙofar ya rufe ya koma wurin Kirito. Mai son ganin an bi wannan hanya har ƙarshe ya nemi Log Horizon na 2013, inda kafa doka da farfaɗo da kasuwa su ne jigon labarin, ko da yake bai kai wannan sa bugun zuciya ba, tun da a can mutuwa ba ta dindindin ba ce.

Shi kuwa Kirito, tun daga tsakiyar zangon farko ya daina zama yaron da ya gudu ya bar Klein. Ya zama wanda ba a kayarwa. Shi kaɗai aka ba baiwar riƙe takobi biyu. Shi ke gano mai laifi, shi ke kutsawa cikin na'urar wasan ya ceci wata yarinya mai suna Yui cikin 'yan daƙiƙu. A hawa na 75, da ya gano shugaban rundunarsu Heathcliff shi ne Kayaba, aka soke shi, ransa na wasa ya ƙare ƙaf, amma ya ƙi tarwatsewa sai da ya kai sara. Kusan mutum 4,000 sun mutu a ƙarƙashin wannan doka, har da Sachi, kuma babu wanda ƙarfin zuciya ya cece shi. Ranar da dokar ta zo kan jarumi sai aka ɗage ta. Wannan cin amanar mai kallo ne, kuma cin amanar matattun labarin. Da aka tambayi Kayaba dalilin duk wannan ta'asa, ya ce ya manta, abin da ya sani kawai tun yana yaro yake mafarkin gini mai shawagi. Wasu na ganin zurfi a wannan amsa. Ni da zan karɓe ta da labarin bai ci gaba da nuna shi daga baya kamar wani dattijon arziki mai ba da kyauta ba.

Sai maganar mata, wadda ba ta kaucuwa. Kusan duk yarinyar da Kirito ya taimaka sai ta kamu da sonsa, Silica, Lisbeth, da sauransu, sannan a ajiye ta a gefe ta zama 'yar rakiya. Rabi na biyu na zangon 2012, labarin wani wasan daban mai suna ALfheim, shi ne mafi muni. An ɗauki Asuna, wadda muka gani tana jagorantar mayaƙa, an kulle ta a kejin tsuntsu a saman bishiya tana jiran ceto, an kawo mugu Sugou wanda ba shi da wata siffa sai sha'awar wulaƙanta ta. Kyamara kuma, maimakon ta tsaya tare da wadda ake zalunta, sai ta riƙa bin jikinta da kallo. An maimaita irin wannan da wata yarinya mai suna Sinon a 2014, an sake a kashi na 10 na Alicization. Idan marubuci ba shi da hanyar nuna mugunta sai ta taɓa mutuncin mace, to dabararsa ce ta gaza. Saboda waɗannan wurare nake gaya wa iyaye da yayye kada ganin zane ya ruɗe su, wannan ba kallon ƙananan yara ba ne.

Masu sharhi a Turai da Amurka sun fi ɗaga murya kan Suguha, 'yar ƙanwar mahaifiyar Kirito da suka tashi gida ɗaya, wadda ta faɗa sonsa. Mu da muka san auren zumunci ba nan ne abin ya fi damunmu ba. Asarar da aka yi ita ce ta labarin da ke ƙasa: maraya da ya gano yana ɗan shekara goma cewa waɗanda ke riƙonsa ba su suka haife shi ba, ya ja jiki daga gidan, ya bar ƙanwarsa da nauyin wasan takobin da kakansu ya ɗora musu. Duk gidan da aka taɓa riƙon ɗan wani an san wannan ciwo. An taɓo shi sama-sama aka wuce.

Da a nan aka tsaya, da na ce a kalli kashi 14 a rufe. Amma zangon 2014 ya zo da abin da ya sa har yau nake kare wannan aiki. Da farko akwai Sinon, wadda tana 'yar shekara 11 ta harbe ɗan fashi a gidan waya don ta ceci mahaifiyarta, tun daga nan ko yatsa aka nuna mata da siffar bindiga sai numfashinta ya sarƙe. Ta shiga wasan harbi tana neman magani, ta zama gwana a can, a waje kuwa ba abin da ya sauya. Warakarta ba daga nasara a wasa ta fara ba. Ta fara ne ranar da aka kawo mata ma'aikaciyar gidan wayar, wadda ke da ciki a ranar fashin, riƙe da hannun 'yar da ta haifa. A yankin da yara da yawa suka ji ƙarar bindiga da kunnensu, wannan labari ba ya buƙatar tafinta.

Sannan kashi bakwai na ƙarshe, Mother's Rosario, inda aka matsar da Kirito gefe aka ba Asuna fili. A cikin wasa ta haɗu da Yuuki, yarinya 'yar shekara 15 da ta kayar da kowa a takobi har da Kirito, wadda ke neman taimako don ita da abokanta su kayar da dodon hawa guda su kaɗai, a rubuta sunayensu a allon tarihi. Daga baya Asuna ta gano dalilin gaggawarsu. Dukkansu majinyata ne da likitoci suka sallama. Yuuki ta kamu da cuta mai karya garkuwar jiki ta hanyar ƙarin jinin da aka yi wa mahaifiyarta wajen haihuwa, iyayenta da 'yar tagwaicinta duk sun riga ta, ta shekara uku kwance cikin na'urar asibiti. A nan labarin ya juya tambayarsa ta farko. A Aincrad na'ura ce kurkuku. Ga Yuuki, gangar jiki ce kurkukun, na'ura ce ta ba ta gudu da dariya da ƙawaye. Asuna ta ɗora 'yar kyamara a kafaɗa ta kai ta makaranta, malami ya ce ta yi karatu a aji, ta karanta, ajin ya yi shiru yana saurare. Ta kai ta ta ga tsohon gidansu da za a rushe. Daga Yuuki ne kuma Asuna ta samu ƙarfin fuskantar mahaifiyarta, mace mai ilimi da ta tsara mata makaranta da miji ba tare da shawararta ba, kuma an rubuta uwar da adalci, an nuna talaucin ƙauyen da ta fito wanda ya sa ta zama haka. Babu wata baiwa da ta ceci Yuuki. Ta mutu, kuma wannan karon an bar dokar ta yi aikinta.

Alicization ya fi duk na baya buri. Yana tambaya ko ran da aka raina cikin na'ura tun yana jariri, ya yi noma, ya yi soyayya, ya ji tsoron doka, ya cancanci a kira shi mutum. Ya ba Kirito aboki na gaskiya, Eugeo, wanda ya gaji aikin saran bishiya guda da kakanni suka shekara 300 suna sara. Rabin farko na da natsuwa da kyau. Rabin ƙarshe ya cika da surutun bayani da taron tsofaffin fuskoki da aka kira don a yi musu tafi, Kirito kuma ya farka daga jinya ya share fagen yaƙi kusan shi kaɗai.

Wanda datarsa ba ta da yawa, ga shawarata: ya sauke kashi 14 na farko, ya tsallake ALfheim in ya ga dama, wani ya ba shi labarinsa a baki, ya kalli na Sinon, sannan ya nemi dare mai natsuwa da cikakken caji don kashi na 18 zuwa na 24 na zango na biyu.